Tambayoyi da amsoshi kan George Price, sojan Kanada da aka harbe saura minti biyu a tsagaita wuta

Duk shekara da zarar Nuwamba ta kama sai tambayoyin nan su dawo, yawanci daga 'yan uwa da suka je Kanada karatu ko aiki suka tarar kowa da jan fure a ƙirji, wasu kuma yaransu ne ke dawowa daga makaranta da sunan wani George Price a baki alhali iyayen ko jin sa ba su taɓa yi ba. Shi ne na ce bari dai in tattara su wuri ɗaya, mu faro daga na sama-sama mu gangara ciki.

Wai waye George Price ɗin nan?

Cikakken sunansa George Lawrence Price, farabiti ne a sojan Kanada lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, lambarsa 256265. An haife shi 15 ga Disamba 1892 a Falmouth da ke lardin Nova Scotia can gabar tekun gabas, ya tashi a Port Williams, da ya zama saurayi sai ya yi yamma neman na kansa kamar yadda samarin wancan zamanin ke yi, ya sauka yankin Moose Jaw a Saskatchewan yana aikin gona. Ba wani babba bane, ko igiya ɗaya bai da ita a hannu.

Abin da ya sa sunansa ya tsaya shi ne lokacin da ya mutu. An harbe shi ranar 11 ga Nuwamba 1918 ya cika da ƙarfe 10:58 na safe, wuta kuma ƙarfe 11:00 za a tsagaita ta. Shekararsa 25, saura wata ɗaya da 'yan kwanaki ya shiga 26.

Me ma ya haɗa Kanada da yaƙin Turai, ai da nisa?

Da nisa kam, teku guda ce a tsakani. Amma a 1914 Kanada na ƙarƙashin daular Birtaniya, tana da majalisarta da firaministanta amma maganar yaƙi da sulhu a Landan ake yanke ta, don haka ranar 4 ga Agusta 1914 da Birtaniya ta shelanta yaƙi da Jamus, Kanada ta wayi gari a ciki ba tare da an nemi shawararta ba. Ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 8 ba a lokacin, sama da 600,000 suka sa kaki, sama da 60,000 kuma ba su dawo ba. Ka zauna ka auna wannan lissafin, kusan babu garin da bai yi zaman makoki ba.

Shi ya kai kansa soja ko dole aka yi masa?

Dole aka yi masa, kuma ni wannan ne wurin da ya fi taɓa min zuciya a duk labarin. Farkon yaƙi samari tururuwa suke zuwa rubuta suna, ana ganin abin wata uku ne a gama a dawo. To sai aka sha wuya a Ypres a 1915 inda Jamusawa suka saki hayaƙi mai guba, aka sha a Somme a 1916, a tudun Vimy kuwa cikin kwana huɗu kacal na Afrilun 1917 an kashe 'yan Kanada 3,598. Jaridu kullum jerin sunayen matattu, masu kai kansu suka ja baya, waɗanda ke faɗuwa suka fi waɗanda ke shigowa yawa. Firaminista Robert Borden ya je Turai ya gano wa idonsa, da ya dawo sai ya kawo dokar aikin soja na tilas wadda ta tabbata a Agustan 1917, aka fara kiran samari marasa aure daga shekara 20 zuwa 34.

Dokar nan ta raba ƙasar gida biyu. Masu jin Faransanci a Quebec suka ce ba yaƙinsu bane, manoma suka ce in an kwashe 'ya'yanmu wa zai yi girbi, mafi yawan waɗanda aka kira sai da suka nemi a ɗaga musu ƙafa. A birnin Quebec an yi tarzoma lokacin Ista ta 1918 har soja suka buɗe wuta mutum huɗu suka mutu. Price na cikin rukunin farko da aka ɗiba, a Oktoban 1917. Cikin duk waɗanda aka tilasta kimanin 24,000 ne kawai suka kai bakin daga kafin a gama, shi kuma ƙaddara ta sa yana cikinsu. Albashin farabiti lokacin dala ɗaya da santi goma ne a rana.

Ya ga yaƙi sosai kafin ranar da ya mutu?

Ya gani, duk da zamansa a bakin daga bai wuce wata biyar da 'yan kai ba. Ya yi horon kurtu a Regina, farkon 1918 aka sa su a jirgin ruwa zuwa Liverpool, ya ƙara wani horon a barikin Bramshott a Ingila, sannan aka tsallakar da shi Faransa aka haɗa shi da Bataliya ta 28, wadda yawancin mutanenta 'yan yammacin Kanada ne, a ƙarƙashin Birged ta 6 ta Runduna ta 2.

Sai ya zama ya iso daidai lokacin da abu ya fi zafi. Daga 8 ga Agusta 1918 a Amiens har zuwa ranar ƙarshe, wanda ake kira kwana ɗari na ƙarshe, sojan Kanada ne ake sakawa a gaba suna fasa layin Jamusawa, Arras, Canal du Nord, Cambrai, Valenciennes, har garin Mons a Beljiyom. A kwanakin nan kaɗai sama da 45,000 aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace. Shi kansa Price hayaƙin guba ya same shi a Satumba a yankin Canal du Nord, aka kwantar da shi asibiti, da ya ɗan samu sauƙi kafin watan ya ƙare aka maida shi bataliyarsa. Da jinyar ta ƙara ja da sati shida, da ƙila a gida zai tsufa.

To yaya aka yi aka harbe shi?

Da asubar 11 ga Nuwamba bataliyarsu ta taso daga kudu da Mons aka ce su nausa gabas ta ƙauyen Havré su kama gadojin da ke kan Canal du Centre, wani mashigin ruwa ne da aka haƙa don jiragen dakon kaya. Ba su sha wata turjiya mai yawa ba, wajen ƙarfe 9 suna bakin ruwan, ƙauyen Ville-sur-Haine na kallonsu daga tsallake, a nan ne saƙo ya iso cewa ƙarfe 11 a daina harbi.

Matsalar ita ce inda suke tsaye fili ne fetal, ga gidajen bulo a ɗaya gefen sun yi musu rumfa, kuma sun lura an ciccire bulo a saman wasu gidajen, wanda duk sojan da ya kwana biyu a yaƙi ya san ramin leƙen bindiga ne. Price da abokinsa Art Goodmurphy da wasu 'yan kaɗan, su biyar, suka tsallaka gada don su duba gidajen ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar Jamusawa na da bindiga mai jigida a wajen, aka buɗe musu wuta suka fake da bangon gida, Jamusawan da suka ga an zagayo su sai suka fara janyewa ta baya. Mutanen gidan da suka shiga, 'yan Beljiyom da suka shekara huɗu ƙarƙashin mamaya, suka gargaɗe su cewa a yi hankali da titin nan. Price ya sa ƙafa waje, wani maharbi da ke laɓe ya same shi a ƙirji.

Aka ja shi cikin gida, wata matashiya ma'aikaciyar jinya da ke tsallaken titi ta rugo a guje ba ta tsaya tunanin ita ma za a iya harbinta ba, ta yi iya ƙoƙarinta amma rai ya yi halinsa. Za ka ga wasu rubuce-rubucen sun ce saura minti uku, wasu sun ce an harbe shi ɗan kafin nan ya ɗan jima yana numfashi, amma 10:58 shi ne abin da abokan yaƙinsa suka rubuta a allon tunawa da shi. Bayan minti biyu igwa ta yi shiru tun daga tekun arewa har iyakar Suwizalan, mutanen gari suka fito titi suna murna, shi kuma yana kwance a ɗakin mutanen da ko sunansa ba su sani ba sai ranar.

In an riga an sa hannu tun da asuba, me ya hana a tsaya nan take?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma tana da haƙƙi. An sa hannu a yarjejeniyar jim kaɗan bayan ƙarfe 5 na asuba, cikin taragon jirgin ƙasa a dajin Compiègne a Faransa, Marshal Ferdinand Foch a ɓangaren ƙawance, Matthias Erzberger na jagorantar tawagar Jamus. Aka ce sai ƙarfe 11 za ta fara aiki, wato awa shida, hujjar ita ce a samu lokacin isar da saƙo ga miliyoyin sojoji da ke baje a ɗaruruwan kilomitoci, zamanin da wayar tarho ke tsinkewa in igwa ta faɗo, sai a tura ɗan aike a ƙafa ko a keke ko kan doki. Wannan hujjar ba ƙarya bace. Tun 8 ga wata ma da aka fara zama Jamusawa sun roƙi a dakatar da harbi ana tattaunawa, Foch ya ƙi, don yana tsoron su samu sararin shan iska su sake shiri.

Amma gaskiya ɗaya ce, saƙon ya isa wurare da yawa da wuri. Hedikwatar sojan Kanada ta samu labari tun wajen 6:30, bataliyar su Price wajen 9, kamar yadda na faɗa a amsar da ta gabata. Abin da ba a yi ba shi ne a ce kowa ya zauna inda yake har lokacin ya cika, an bar wa kwamandoji kowa ya yi yadda ya ga dama, wasu suka tsayar da yaransu, wasu suka ce a ci gaba don tsagaita wuta ba sulhu bane, in abin ya wargaje gara a same ka a wuri mai kyau. Sulhun kansa sai 28 ga Yuni 1919 aka sa masa hannu a Versailles. 'Yan igwa kuma wasu sun yi ta harba abin da ya rage musu don kar su sha dakon sa. Masana tarihi sun ƙiyasta kusan mutum 11,000 aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace a ranar a duk ɓangarori, matattu sun haura 2,700.

Ni dai a ganina babu wani abu da aka samu a awa shidan nan wanda ba za a same shi a ɓagas ba bayan ƙarfe 11, tunda yarjejeniyar ta riga ta wajabta wa Jamusawa su fice daga Beljiyom da Faransa cikin kwana 15. Ƙasar da aka zubar da jini a kanta da hantsi, da azahar da ƙafa za a taka a shiga.

Da gaske shi ne mutum na ƙarshe da aka kashe a yaƙin?

A'a, a gyara wannan. Shi ne ake ɗauka na ƙarshe cikin sojan Kanada da na duk daular Birtaniya da aka kashe a fagen daga na yammacin Turai kafin tsagaita wuta. Bayansa da minti ɗaya, 10:59, an kashe Ba'amurke Henry Gunther ɗan Baltimore wanda ya tunkari bindigar Jamusawa suna ɗaga masa hannu ya koma. Na ƙarshen Faransa shi ne Augustin Trébuchon, makiyayi ne ɗan shekara 40 da ke aikin kai saƙo, an harbe shi saura kwata ko ƙasa da haka, kuma a kabarinsa 10 ga Nuwamba aka rubuta, don hukumar sojan Faransa ta maida ranar mutuwar waɗanda suka faɗi ranar 11 baya da kwana ɗaya. Na ƙarshen Ingila George Ellison ne, tsohon mai haƙar kwal daga Leeds, wajen 9:30 a kusa da Mons.

Ban da haka dubbai sun ci gaba da mutuwa a asibitoci saboda raunuka da annobar mura ta 1918, a arewacin Rasha akwai 'yan Kanada da ke faɗa da Bolshebik, 'yan kwaminis da suka ƙwace mulkin ƙasar, a ranar da bayanta, a Gabashin Afirka kuma kwamandan Jamus Lettow-Vorbeck bai miƙa wuya ba sai 25 ga Nuwamba.

An taɓa tuhumar wani kan wannan asarar?

An yi rigima babba. Kwamandan sojan Kanada Janar Arthur Currie ne, kuma garin Mons na da wani matsayi a zukatan Turawan Ingila don a nan sojansu suka fara gwabzawa da Jamus ranar 23 ga Agusta 1914 suka ja da baya, sai ga shi 'yan Kanada sun ƙwato shi a daren ƙarshe. A 1919 tsohon ministan soja Sam Hughes ya tashi a majalisa ya zargi Currie da salwantar da rayukan yara don neman suna, ko da yake an san akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakaninsu kan ƙin ba ɗan Hughes babban muƙami. A 1927 wata ƙaramar jarida a Port Hope ta sake tono maganar, Currie ya maka ta kotu kan ɓata suna yana neman dala 50,000.

Aka yi shari'ar a Cobourg da ke Ontario a 1928, tsofaffin sojoji suka yi ta zuwa ba da shaida, an kuma ambaci mutuwar Price a ciki. Currie ya yi nasara amma diyyar dala 500 kawai aka yanke a biya shi. Adalci dai shi ne a faɗa cewa umarni daga sama yake bi na a ci gaba da matsa wa Jamusawa, kuma an san shi da tsara yaƙi a tsanake don rage asara, sannan tsallaka gadar da su Price suka yi shawararsu ce don kare 'yan uwansu. Duk da haka shari'ar ta karya masa lafiya, ya rasu 1933.

Ina aka binne shi, kuma me ya sa ba a kai gawar gida ba?

Da farko a maƙabartar ƙauyen Havré, daga baya aka tono shi aka maida maƙabartar soja ta St Symphorien kusa da Mons. Wurin nan abin a tsaya a duba ne. Jamusawa ne suka kafa ta lokacin mamaya, mai filin ɗan Beljiyom Jean Houzeau de Lehaie ya ba da shi da sharaɗin a binne matattun ɓangarorin biyu da mutunci iri ɗaya, yau akwai kaburburan Jamusawa 284 da na daular Birtaniya 229 cikin itatuwa. John Parr, yaro ɗan 17 da ake ɗauka shi ne sojan Ingila na farko da aka kashe a Agustan 1914, yana nan, kabarinsa na fuskantar na Ellison da na ambata a amsar wanene na ƙarshe, 'yan taku ne tsakaninsu. Na Price farin dutse ne da ganyen mapul na Kanada a sama, sai lamba, suna, bataliya, da ranar.

Rashin kai shi gida kuwa doka ce. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta daular, wadda aka kafa 1917, ta yanke cewa kowa a bar shi ƙasar da ya faɗi, dutse iri ɗaya ga janar da farabiti, don kar masu kuɗi su kwaso nasu talaka ya bar nasa a can. Iyaye mata da yawa sun yi kuka da dokar nan, mafi yawansu kuma har suka mutu ba su ga kabarin 'ya'yansu ba.

Me iyalinsa suka samu?

Abin da kowane gida ya samu, lambobin yabo biyu na halartar yaƙin, da wani faifan tagulla mai faɗin tafin hannu ɗauke da sunan mamaci ba tare da muƙami ba. Kanada ta ƙara da gicciyen azurfa da ta fara bai wa iyaye mata da zawarawan sojoji daga 1919. Lambobin Price da faifansa yanzu suna gidan tarihin yaƙi a Ottawa.

Shirun minti biyu da ake yi ranar 11 ga Nuwamba saboda minti biyun nan nasa ne?

Mutane da yawa na zaton haka amma dacewa ce kawai. Sarki George na 5 ne ya yi kira da a yi shirun a 1919, an kuma ɗauko al'adar daga birnin Cape Town inda suke yin irinta tun ana yaƙin. Jan furen da ake kira poppy kuma ya samo asali daga waƙar da likitan soja ɗan Kanada John McCrae ya rubuta a 1915 bayan an kashe abokinsa kusa da Ypres, furen ne ke tsirowa a ƙasar da igwa ta farfasa. Kanada ta karɓe shi a 1921. Ana maƙala shi a hagu daga Juma'ar ƙarshen Oktoba, kuɗin da ka jefa a akwati kuma na taimakon 'yan mazan jiya ne. Ba wanda zai tilasta maka sakawa.

Namu kakannin fa, ba su yi wannan yaƙin ba?

Sun yi ƙwarai. Harbin farko ma da sojan Birtaniya ya yi a yaƙin ana danganta shi da Alhaji Grunshi na rundunar Gold Coast, wato Gana ta yau, a Togo cikin Agustan 1914. Sojan Najeriya, waɗanda Hausawa suka yi yawa a cikinsu, sun yi yaƙi a Kamaru a Garwa da dutsen Mora har zuwa Fabrairun 1916, sannan aka kai su Gabashin Afirka inda suka yi mummunar asara a Mahiwa a Oktoban 1917, ban da 'yan dako da cuta da yunwa suka ƙarar a hanya. Najeriya ma 11 ga Nuwamba take tunawa da 'yan mazan jiya a da, bayan yaƙin basasa ne aka maida ranar 15 ga Janairu.

Abin da ke min ciwo shi ne dokar dutse iri ɗaya ga kowa da na yi bayani a amsar kabarinsa, ba a cika ta a kan baƙar fata ba. A 2021 hukumar kaburburan da kanta ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwa a majalisa. Price an san har mintin da ya cika, wani kakan namu kuwa ko sunansa ba a ajiye ba, kuma wannan ba laifin yaron manomin nan bane, shi ma ɗibarsa aka yi.

In ina son in ga takardunsa ko in je wurin da kaina fa?

Takardun suna intanet kyauta. Hukumar adana kayan tarihi ta Kanada ta gama ɗora fayil ɗin duk sojojin yaƙin a 2018, ka sa sunansa ko lambar 256265 za ka ga takardar ɗaukarsa, ta asibiti, da ta albashi, da rubutun hannun akawunan lokacin. Sunansa na cikin littafin tunawa da ke majalisar dokoki a Ottawa, wanda ake buɗe sabon shafi kullum ƙarfe 11 na safe.

In kuma ka samu kanka a Beljiyom, daga Brussels jirgin ƙasa zai kai ka Mons cikin kamar awa ɗaya, maƙabartar da ƙauyen duk suna kusa. A Ville-sur-Haine za ka ga allon da tsofaffin abokan bataliyarsa suka zo suka kafa ranar 11 ga Nuwamba 1968, shekara 50 cif, gidan da aka fara manna shi an rushe shi da aka faɗaɗa mashigin ruwan sai aka maida allon kan wani ɗan gini a gefe. Akwai gadar ƙafa da aka yi 1991 mai sunansa, makarantar firamaren ƙauyen ma sunansa take amsawa, sai kuma dutsen tunawa da Gwamna Janar ta Kanada a lokacin, Julie Payette, da Gimbiya Astrid ta Beljiyom suka buɗe a 2018. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri in a Nuwamba za ka je, bakin ruwan nan iska ce da shi sosai.